Rainon Tsohuwar Bindiga da Kubenta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kangiwa, ƙofar fadar Daura, ranar hawan Sallah ko na Gani, ya san kunne ne ke fara samun labarin fitowar Sarki. Sai ka ji ƙasa ta amsa, tattabaru sun watse, farin hayaƙi ya turnuƙe, warin albarushi ya cika hanci, dokin da bai saba ba yana neman zubar da mahayinsa. 'Yan bindigar Sarki ke nan, masu gadon hawa. Ƙarar ba ta wuce ƙiftawar ido. Aikin da ya haife ta kuwa na kwanaki ne kafin ranar, da na sa'o'i bayan kowa ya watse, kuma shi wannan ba mai yi masa guɗa.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Wasu ta bakin teku suka shigo, daga hannun fataken Turai, ciki har da na Denmak, wasu kuma ayarin raƙuma ne ya tsallako da su Sahara daga Tarabulus. Bayan da mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka karɓi Daura a farkon ƙarni na 19, zuriyar Sarkin Gwari Abdu ta koma Zango da Ɓaure, a inuwar Damagaram. Sarkin Damagaram Tanimu kuwa ya shahara da tara bindigogi, har igwa ya sa aka zuba masa a birninsa. Saboda haka mutanen nan sun san amon albarushi tun kafin Bature ya iso. Bindigar toka da ake gani yau a hawa jikanyar waɗancan ce: dogon bututu, gindi na katako, a ɗura ta baki, a harba sau ɗaya, a sake ɗuri.

Abin farko da ƙwararre ke yi da bindiga, ko da shi ya jingine ta da hannunsa jiya, shi ne ya tabbatar ko akwai wani abu a cikinta. Da ido ba a wannan bincike, don mai leƙa bakin bindiga bai shirya tsufa ba. Sandar ɗuri yake zarowa, wato siririn ƙarfen da ke kwance ƙarƙashin bututu, ya zura ta har ta dire. A jikinta akwai alamar da ya karta tun tuni. In bututun fanko ne, alamar za ta tsaya daidai baki, ƙarfe ya amsa ƙarfe da amo ƙwal. In ta tsaya sama da yatsa biyu, amon kuma ya mutu, to akwai tsohon ɗuri a ciki. Ɗuri a kan ɗuri shi ne ke tsaga bututu ya tafi da yatsun mai shi.

Daga nan sai awo. Albarushin yana cikin ƙaho ko tandu da ke rataye a kwiɓinsa, amma ba za ka ga gwani ya kafa bakin ƙahon a bakin bindiga ba. Zai tsiyaya a ɗan ma'auni, ya toshe ƙahon, sannan ya juye. Dalilin a bayyane yake ga wanda ya sani: bututun da aka harba yanzu yana iya ɓoye ɗan garwashi, in ya kama abin da ke cikin ma'auni an tsira da ƙuna, in ya kama na ƙaho sai a ce inna lillahi. Sai ya murza ɗan tsumma ko takarda ya tura da sanda har ya zauna daram a kan albarushin, ba tare da barin sarari ba. Dubi yadda yake riƙe sandar, da 'yan yatsu daga gefe, tafin hannunsa ba ya taɓa rufe kanta, fuskarsa kuma a kauce. A nan ne za ka ji dattijo ya daka wa ɗan koyo tsawa, "Kai, yaro, ɗauke kanka daga nan!" Shi kuma ya ja baya yana cewa, "To, Baba." A ranar hawa ba a sa dalma, amo da hayaƙi kawai ake nema. Duk da haka bakin yana kallon sama, nesa da fuskar mutum da ta doki, domin toshin tsumma ma da ya fito da wuta yana iya makanta ido. In kuma aka ja kunama ba ta tashi ba, gwani ba ya sauke ta ya juya yana dubawa. Zai bar bakinta inda yake ya jira, saboda wuta kan yi jinkiri a hanya sannan ta iso.

Wannan shi ne abin da 'yan kallo ke iya gani. Na ɓoye yana farawa da yamma, lokacin da ƙafa ta gaji, ciki na neman tuwon Sallah.

Albarushi irin na da, mai gawayi da farar wuta, ba ya ƙonewa ƙurmus. Fiye da rabinsa ba ya zama iska, wani ya tashi hayaƙi, wani ya manne a cikin bututu ya zama baƙar dauɗa. Wannan dauɗa gishiri ce a asalinta, kuma gishiri jan laima yake yi. Da damina, kwana ɗaya ya isa tsatsa ta fara cin ƙarfe daga ciki, inda ido ba ya kai. Abin mamakin shi ne mai ba ya wanke ta, sai dai ya lulluɓe ta ta ci gaba da ɓarna a ƙarƙashi. Ruwa ne maganinta, ruwan nan da aka sani abokin gabar ƙarfe. Mai bindiga zai tafasa shi, ya toshe 'yar ƙofar wuta da ke gindin bututu da tsinke, ya zuba ruwan ta baki, ya girgiza, ya juye. Na farko zai fito baƙi ƙirin, yana wari. Ya sake, ya kuma sakewa, yana cuɗa ciki da tsumma a kan sanda, har ruwan ya fito garau. An zaɓi ruwan zafi ne don ƙarfen ya ɗau ɗumi ya busar da kansa da kansa. Tun yana da ɗumin ake bi da busasshen tsumma, a canza, a canza, sai farin ƙyalle ya shiga fari ya fito fari. Sannan mai, ɗan kaɗan, irin na keken ɗinki, gwargwadon yadda ƙarfe zai yi sheƙi ba tare da ɗiga ba. A jingine ta baki ƙasa na dare guda, don ragowar man ya gangaro waje maimakon ya taru a gindi ya jiƙa ɗurin gaba, ko ya tsotsu cikin katako ya ruɓar da shi. Bayan kwana biyu ko uku a sake zura ƙyalle, saboda ƙarfe kan yi gumi daga baya.

Akwai wanda zai dawo daga hawa ya cusa tasa bayan ƙyaure, ya ce sai gobe. Goben nan takan kai jajibirin wata Sallar, a lokacin ne za ka gan shi a maƙera yana roƙon a taimaka masa, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Maƙerin zai zura sanda ya ji tana kartar ƙuraje a ciki, ya girgiza kai. Abin da tsatsa ta ci ba ya dawowa.

Ita libarba, wato ƙaramar bindiga mai ganga da ke juyawa, da wata tafiya ta zo. Ba'amurke Samuel Colt ne ya yi rajistar irinta a 1836, sojojin Ingila kuma suka ɗauki ta kamfanin Webley na Birmingham a 1887. Samfurinta na huɗu ya fito a 1899, shi ne na yayi a hannun hafsoshin Ingila lokacin da rundunar Kanar Morland ta ci Kano a Fabrairun 1903, ta ci Sakkwato a watan Maris. Ta arewa kuma, Faransawan da suka kama Damagaram a 1899 suna da tasu, samfurin 1892, wadda gangarta ke ficewa ta gefen dama. Daura na tsakanin rundunonin nan biyu, aka ja iyaka ta ratsa ƙasarta. Tarihin da ke bayan wannan ƙarfe ba mai daɗi ba ne a gare mu, kuma ban ga dalilin yi masa kwalliya ba. Amma shaida ce, kuma ba a barin shaida ta ruɓe.

Webley irin ta karyawa ce. Ka danna wani maɓalli da babban yatsa a gefen hagu, sai bututu da ganga su sunkuya gaba, wani ɗan ƙarfe mai kunnuwa shida ya taso daga tsakiyar gangar ya tunkuɗo kwanson harsasai shidan gaba ɗaya. An yi haka ne don hafsa ya iya zubar da fanko ya sake cikawa cikin hanzari, ko yana kan doki. Faɗin harsashinta .455 na inci, wato ya ɗan haura milimita 11. Samfuri na shida, na 1915, mai bututu inci 6, ya ɗan wuce kilo 1 a nauyi. A gindin mariƙinta akwai zobe, inda ake ɗaura igiyar da ke zagaye wuya, don kada ta suɓuce ta ɓata a fagen fama.

Ma'adanin kayan tarihi, in aka miƙa masa irin wannan, karya ta yake fara yi, ya ƙirga ɗakuna shida ya ga kowanne fanko. Sannan ya karanta ta. A jikin ƙarfen akwai ƙananan hatimai: na gidan gwaji, da ke nuna an jarraba ƙarfinta kafin ta bar masana'anta (na Birmingham yana aiki tun 1813), akwai alamar kan kibiya, shaidar mallakar gwamnatin Ingila, wani lokaci da lambar runduna. Yana duba ko lambar da ke jikin ganga ta yi daidai da ta bututu da ta gangar jiki, don a gane ko an yi mata dashe. Sai ya sa ɗan farin ƙyalle a gindin bututu ya haska, ya ga ko zanen nan da ke murɗe a ciki, mai juya harsashi ya tafi a miƙe, yana nan da kaifinsa. Gwajin da ya fi burge ni shi ne na saiti. Zai ja gudumar, wato ƙarfen da ke bugun gindin harsashi, a hankali ƙwarai, kunnensa a kusa. Dole ganga ta juyo ta kulle da ɗan amo ƙas kafin gudumar ta kai ƙarshen tafiyarta. Ya taɓa gangar da yatsa ya ji ko tana wasa. Haka zai bi ɗakunan shida ɗaya ɗaya, domin biyar na iya zama daidai, na shida ya kauce, kuma ɗakin da bai fuskanci bututu sosai ba yana feso ɓarɓashin dalma ta gefe.

Ƙwarewarsa ta fi fitowa a abin da yake ƙin yi. Ba ya kusantar ta da sanfefa ko magagari. Launin nan baƙi-baƙi mai shuɗi da aka turara wa ƙarfen a masana'anta, ko da ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, shi ne rigarta, kuma mai goge shi don ta yi ƙyalli ya kankare shekara ɗari cikin rabin sa'a. Jar tsatsa mai rai kawai ake cirewa, a jiƙa ta da mai, a bar ta ta kwana, a murza da wani abu mai laushi kamar tagulla. Sukundireba ma sai wadda bakinta ya cika tsagar noti cif, in ba haka ba ta zame ta bar tabo. A ƙasashen da ake harba irin waɗannan a filin gwaji, masana ba sa ba su harsashin zamani mai ƙarfi. Da yawa daga waɗanda aka sayar a Amurka an aske bayan gangarsu don su ci harsashin can, wanda matsinsa ya fi abin da aka gina su a kai, kuma an ga gangunan da suka tsage. Tsohon harsashin soja shi ma yana barin gishiri a bututu, don haka wankan ruwan zafin nan na ɗan bindigar Daura shi ne dai wankan libarba.

A nan gida, doka ta raba su. Dokar bindigogi ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai, ba a riƙe su sai da lasisi daga shugaban ƙasa, ita kuwa bindigar toka an bar tsara lasisinta a hannun kwamishinan 'yan sanda. A halin da ƙasar Katsina ke ciki, inda rashin tsaro ya sa aka dakatar da hawa a wasu shekarun, ba na ganin mai hankali zai yi jayayya da wannan. Wanda ya tsinci tsohuwar libarba a adakar kakansa, hukuma zai nufa da ita, mazauninta gidan tarihi ne.

Kube kuwa ba shi da wannan takunkumi, kuma a nan ne hannunmu ya fi tsawo. Hafsan Ingila na wancan zamani yakan rataye libarbarsa a wata ɗamara mai maɗauri da ke ƙetare kafaɗa, wadda aka sa wa sunan Janar Sam Browne, mutumin da ya rasa hannun hagu a Indiya a 1858 ya nemi dabarar zare takobi da hannu ɗaya. Fatar wannan ɗamara da kubenta jimar ganye da ɓawo ce, dangin jimar bagaruwa da majemanmu suka gada, waɗanda jar fatar akuyarsu ta daɗe tana ƙetare Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Majemi ya jiƙa fata, ya tsuma ta a ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare, ya wanke, ya tsoma a ruwan dakakkiyar bagaruwa kwana da kwanaki, sannan ya shafe ta da mai ya miƙar. Wannan jima tana da halin da ta kanti mai sinadari ba ta da shi: in an jiƙa fatar aka lanƙwasa, ta bushe a haka, to ta riƙe siffar ke nan.

Badukun da ya saba ɗinka kuben takobi da na wuƙa, in aka kawo masa aikin gidan libarba, ƙirgi zai nema, wato jemammiyar fatar sa, domin ta akuya ta yi laushi, sai dai a yi shafi da ita daga ciki. A ƙirgin ma ba ko'ina ba, gadon baya da kafaɗa yake yanka, ya bar ta ciki mai saki. Ba ya bukatar bindigar kanta, masassaƙi zai fitar masa da siffarta a katako. Ya naɗe katakon da takarda ya fitar da fasali, ya ƙara faɗin yatsa saboda ɗinki da kaurin fata, ya ɗora a ƙirgi ya zana, ya yanka da wuƙa mai kaifin aska, jan farko ya tsaga, na biyu ya raba. Inda za a ninke, ya fefe fatar daga ciki ta yi sirara. Rini kafin ɗinki ake yi: karan dafi in ja ake so, kuloko in baƙi. Hancin da ɗamara za ta bi shi ake fara ɗinkewa a baya, don in an rufe kube hannu ba zai sake shiga ba, kuma sabon shiga yakan tuna da wannan ne bayan ya gama.

Sai ɗinkin gefe. Ya karta layi, ya ɗan zurfafa shi yadda zare zai kwanta a ciki ba zai gogu ba, ya bi da basilla yana huda ramuka a jere, tazara ɗaya, karkata ɗaya. Zarensa ya sha kakin zuma, allura ɗaya a kowane kai, kuma kowane rami allurai biyun suke ratsawa, wannan daga dama, waccan daga hagu, ya ja da ƙarfi ɗaya. Amfanin haka, in zare ɗaya ya tsinke ɗan'uwansa na riƙe, saɓanin na keke da ke warwarewa. A bakin kube, inda ja ya fi yawa, yakan koma da baya rami uku. Daga nan ya tsoma kuben a ruwa mai ɗumi, ya jira fatar ta tsane ta fara komawa launinta, ya cusa katakon, ya bi da santsin ƙashi yana dannawa a gefen ganga da kewayen kunama, har fatar ta koyi siffar kamar yadda takalmi ke koyon ƙafar mai shi. A inuwa za ta bushe. In mai kaya ya matsa, ya ce a sa a rana ko kusa da wuta, amsar da zai samu ita ce, "Yi haƙuri, Alhaji, in ta ƙone ba ta da magani." Bayan ta bushe ya goge gefuna da ɗan ruwa da kaki har su yi sumul, ya dasa maɓallin tagulla na marufi.

Mutane da yawa sun ɗauka kube ɗakin kwanan bindiga ne, alhali rigar tafiya ce kawai. Fata tana shan laima ta riƙe, tana kuma da ɗacin jima, in ƙarfe ya daɗe a ciki sai ya fito da zanen tsatsa daidai inda suka haɗu. Shi ya sa ma'adani ke ajiye su dabam, ya cusa takarda mai laushi a kuben don kada ya lotse. Damina ta ƙarfe ce, hunturu kuma na fata: iskar nan ta Disamba da Janairu tana tsotse man jikinta har ta fara tsattsagewa a maninka. Maganin ɗan mai ne a yatsa, a shafa a bar shi ya kwana, ba a yi mata wanka da shi ba, domin kuben da ya ƙoshi da mai ya zama jaka, ba ya ƙara riƙe komai. Koren dattin nan mai danƙo da ke taruwa a gindin maɓallin tagulla, haɗuwar tagulla da kitsen fata ne, da tsinke ake sakace shi. Da damina kuma a riƙa fito da shi ya sha iska saboda fumfuna.

In tsohon kube ya zo da ɗinki a kwance, baduku na ƙwarai ba ya ɗaukar basilla. Zai tsince ruɓaɓɓen zaren da bakin allura, ya ɗan tausasa gefen da mai, ya zaɓi zare mai kaurin na asali, ya rage ƙarfin jansa. Ramukan da wani ya huda shekara ɗari da suka wuce su yake bi ɗaya bayan ɗaya, domin in ya huda sabo kusa da tsoho, fatar za ta yage a tsakaninsu.